Yadda Kuang Ya Daidaita Wuta da Sanyi a Gininmu

Shekara talatin Kuang Bingquan ya yi yana tuƙa bas mai lamba goma sha huɗu a birnin Foshan, kuma ba wanda ya taɓa jin ya danna hon. Kansa kawai yake leƙowa ta taga, hanya ta buɗe. Da ya yi ritaya kamfani ya karɓi bas da hula, muryar kuwa suka bar masa ya taho da ita gida, hawa na biyu, daidai saman rumfar da nake sayar da shayin ɗaci.

Ni ce Fung. Duk ginin Gwaggo Fung suke ce mini, har waɗanda suka girme ni. Aikina in kalli harshen mutum in gaya masa ko wuta ce ta yi masa yawa ko sanyi, in zuba masa abin da ya dace. Kuang kam ba sai na ga harshensa ba, ina jin sa ta rufi.

Matarsa Lanfen tela ce, mace mai magana a hankali. Shekara talatin da uku suna tare, kuma a iya sanina ba ta taɓa kai labari ƙarshe a gidan nan ba. Da ta ce "ka san me ya faru", sai ya ce ya sani, ya kuma gaya mata yadda ya kamata abin ya faru. Ranar da tura ta kai bango, sau uku tana fara masa zancen yayarta da aka kwantar a asibiti, sau uku yana katse ta da ihun cewa miya ba gishiri. Ta ajiye ludayi, ta ɗauki jaka, ta sauko. A rumfata ta tsaya.

"Gwaggo Fung, ki gaya masa na tafi Shunde wurin Yaya. Ranar bikin kwale-kwale zan dawo. In na tarar da shi yadda na bar shi, keken ɗinkina zan ɗauka."

Keken nan da shi aka kawo ta gidan tana amarya. Kowa a ginin ya san in keke ya sauko daga benen nan, to aure ya sauko. Saura kwana tara bikin. Na isar da saƙo, kuma na ji tausayin mutumin, don a karon farko na ga bakinsa a buɗe ba abin da ke fitowa. Tausayin bai wuce minti ɗaya ba.

Washegari ya sauko cikin farin wandon atisaye, waya a hannu, idanu ja.

"Gwaggo Fung, na gano bakin zaren. Bidiyo arba'in na kalla."

"Sannu da karatu."

"Komai a duniya yin ne da yang. Sanyi da wuta, inuwa da rana, shiru da hayaniya. In suka daidaita, zuciya ta kwanta. Wani malami a waya ya ce shekara ashirin ya yi a kan dutse kafin ya gane wannan. Ni zama ɗaya na yi."

"Ai kai direba ne, ka saba da sauri. To ka gane wutarka ce ta yi yawa?"

"Wutata?" Kofunan da ke kan teburina suka yi ƙara. "Ni ba ni da faɗa! Ginin nan ne ya karkace! Mutum yana zaune cikin gini mai yang fiye da kima, ina zai ga kwanciyar hankali? Ginin zan daidaita, daga ƙasa har sama. Kafin Lanfen ta dawo za ta tarar da ni kamar tafki."

Na ce ya sha kofi ɗaya na ɗaci, ya rage cin soyayye, ya koyi yin shiru in ana magana. Ya ce wannan maganin ƙananan mutane ne.

Da ƙofofi ya fara. A zanen nan mai zagaye da ya gani a waya, yang fari ne, yin baƙi. Saboda haka ya yanko takardu, ya bi hawa-hawa yana manna baƙa a ƙofar masu shiru, fara a ƙofar masu hayaniya, wai don ya san inda nauyi ya rinjaya. Ɗan shekara biyar a garin nan ya san abin da farar takarda a ƙofa take nufi: an yi rasuwa a gidan. Kuang ma ya sani, amma bidiyo arba'in sun danne masa wurin.

Babbar farar takarda a ƙofar Inna Tang ya manna ta, ita ce shugabar matan da ke rawa da mafici a tsakar gini kowace safiya. Tana kasuwa lokacin. Ta dawo riƙe da kaza ta tarar da ƙawayenta shida a bakin ƙofarta suna rusa kuka, ɗaya har ta fara faɗin cewa marigayiya ba ta cika bin kiɗa daidai ba, amma zuciyarta fara ce.

"Wace ce ba ta bin kiɗa daidai?" in ji Inna Tang.

Biyu suka zube, kaza ta tsere. Da aka gano wanda ya yi aikin, Inna Tang ta hau bene da takardar a hannu.

"Kai Kuang, ni ka kashe?"

"Inna, ba mutuwa ba ce, yang ne. Ke ce mafi yawan yang a ginin nan. Yabo ne."

"Yabon uwarka! Ɗana yana hanya daga Guangzhou da baƙar rigar makoki!"

"To kin gani? Shekara nawa rabon da ya zo duba ki? Daidaituwa ta fara aiki."

A ranar na sayar da shayin ɗaci fiye da na sati guda, don haka ban ce komai ba.

Kwana na uku ya koma kan Kawu Lei. Shi Kawu Lei tsoho ne da ba ya wuce kalma goma a rana, kullum yana ƙarƙashin bishiya shi da abokinsa suna dara. Kuang ya ce yin ya taru a ƙarƙashin bishiyar nan har ya yi tsami, yang kuma ya taru a filin rawa har ya ƙone, dole a gauraya. Da sassafe ya kinkimi teburin dara ya dasa shi a tsakiyar filin. Kawu Lei ya zo, ya duba inda tebur yake, ya zauna a can, don shi tebur yake bi. Mata goma sha biyu suna zagaye su da mafici, su kuma suna wasa. Shekara goma sha ɗaya Kawu Lei yana neman ya ci abokin nan nasa, kuma ranar nan saura taku ɗaya, mafici ya share allon.

Ya daɗe yana kallon 'ya'yan dara a ƙasa. Sannan ya dubi Kuang ya ce, "Kalma ɗaya gare ni a kanka. Ina ajiye ta."

Kuang ya ce mini wannan alama ce mai kyau, tsoho ya fara magana. A ranar kuma ya hau rufin gini ya ga kifin gishirin da Kawu Lei ya shanya a rana. Ya ce rana a kan gishiri wuta ce a kan wuta. Ya kwashe kifin ya rataye shi a ƙarƙashin matakala, inda ba iska ba haske, a watan da ko riga ba ta bushewa. Bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu ba sai an gaya wa kowa ba, mai kawo wasiƙu ma daga bakin titi yake jefo su.

Duk wannan bai manta da kansa ba. Kwana na biyar ya yarda, a ransa dai, cewa ƙila akwai ɗan tartsatsi a jikinsa da ya samo daga ginin. Ya sayi kankana guda ya cinye, ya dafa garahuni ya ci ba shinkafa, ya zo ya ce in zuba masa kofi uku na shayin da ya fi ɗaci.

"Ɗaya ake sha."

"Ɗaya na fasinja ne."

Ya shanye ukun, ya hau sama ya kunna na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshe, ya kwanta a gabanta ba riga. Bayan gidansa a saman rumfata yake, bututun kuma ta bangona ya bi. Daga tsakar rana zuwa yamma na ƙirga saukar ruwa sau goma sha bakwai. Ya sauko yana dafa bango, fuska kamar tsohuwar takarda.

"Yin ya ɗan wuce layi," ya ce. "Abu ne mai sauƙi. In mota ta karkata hagu, sai a murɗa dama."

"A hankali ake murɗawa."

"Ke kin taɓa tuƙi?"

Ya murɗa dama. Farfesun akuya da citta da barkono, a tsakiyar zafi, sau uku a rana. Kwana na shida hancinsa ya haɓo yana cikin yi wa matan rawa bayanin nutsuwa. Ya toshe da takarda ya ci gaba, yana cewa jinin da ke fita yang ne da ya yi saura. Ya murɗa hagu da kankana, bututu ya sake aiki. Ya murɗa dama. Na ce masa garin neman gira zai rasa ido, ya ce ai ido biyu ne, ɗaya yin ɗaya yang.

Kwana na takwas ya aika saƙo a zauren wayar da 'yan ginin suke magana a ciki: gobe ranar biki, ƙarfe tara na safe, Malam Kuang zai nuna cikakkiyar daidaituwa a tsakar gini, kowa ya zo da kujerarsa. Shi ya ba kansa malantar. Mutum goma sha tara suka amsa, ba wanda za a iya maimaita amsarsa.

Sai dai gudawa ta zuƙe shi. Ya ce yana buƙatar wuta mai tsabta don jawabin gobe. Lokacin lici ne, jajayen 'ya'yan itacen nan masu kaushin ɓawo sun cika titi, mai sayar da su kuma a gefen rumfata yake. Kuang ya sayi kwando guda.

"Kuang, kakarka ba ta gaya maka ba? Lici ɗaya, wuta uku."

"Shi ya sa na saya. Na lissafa."

"Maƙogwaronka zai kumbura."

"Maƙogwaron da ya yi shekara talatin yana tsayar da manyan motoci? Gwaggo, ki kama shayinki."

Ya zauna a bakin matakala, cikin warin kifi, ya ɓare kwandon nan kaf, yana cusa ɓawon a aljihu don kada ya ɓata daidaiton tsakar gida.

Safiyar biki kowa ya fito, don ba a ƙin kallon kyauta. An jera dogon tebur da ƙunshin shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganye, kowane gida da nasa, na Inna Tang ya fi tsayi. A gefen teburin Kuang ya kwantar da tsohuwar ganga, ya ɗora faifan katako a kanta. A gefen hagu na katakon baho ne cike da ruwan ƙanƙara. A gefen dama kaskon gawayi ne mai ci, da tukunyar citta a kai. Shi kuma zai tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya, ido rufe, ya yi jawabi a kan kwanciyar zuciya.

Gaskiya ya hau. Katako ya yi rawa ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa, ya buɗe hannuwa, har wata mata ta tafa. Ya ja numfashi irin na mai shirin tsayar da babbar mota, ya buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

Ya sake. Wani ɗan sauti ya fito kamar na taya mai sace iska. Ya buɗe ido, ya kai hannu wuya, kuma hannun da ya kai na hagu ne. Gefen dama ya sauka, gefen hagu ya tashi, baho ya taho ta kan katako ya kwashe masa ƙafar da ta rage. Ruwan ƙanƙara ya haɗu da gawayi. Tururi da toka suka tashi sama suka sauko a kan teburin biki, a kan farin wando, a kan gashin da Inna Tang ta gyara jiya. Ganga kuma ta gangara a hankali, ba wanda ya tare ta, ta shige ƙarƙashin matakala ta bugi igiyar kifi. Kifin ya faɗo, ƙudajen da ke kansa suka fito su ma su ga biki.

Da tokar ta lafa, Kuang yana zaune cikin taɓo, tukunyar citta a cinyarsa.

"Shinkafata!" Inna Tang ta iso kansa da mafici. "Kwana biyu ina naɗi! Ka kashe ni ranar Talata, yau ka ƙone mini biki! Malam! Malamin wa? Ko jaki ba zai yi karatu a wurinka ba!" Kowace kalma da bugu ɗaya a ƙeya.

Kawu Lei ya tako, riƙe da kifi ɗaya ta wutsiya. Ya ajiye shi a hankali a kan kafaɗar Kuang.

"Sakarai," ya ce. Ya juya gare mu. "Ita ce kalmar."

Daga nan kowa ya samu baki. Wanda aka manna wa baƙar takarda, wadda ta zube a ƙofar Inna Tang, har wanda Kuang ya wuce shi a tasha shekara tara da suka wuce. Fuskar Kuang ta yi ja, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Na san shi sarai, a cikinsa yana zagin kakannin kowa har hawa bakwai. A waje kuwa tsit.

Ni na fara ganin ta. Lanfen tana tsaye a bakin ƙofar gini da jakarta, bayanta mai babur mai ƙafa uku da igiyar ɗaure kaya a kafaɗa. Ban san tun yaushe take nan ba. Duk haushin mutumin da nake ji, ban so in ga keken nan ya sauko ba. Na yi tari. Inna Tang ta waiga, maficinta ya tsaya a sama. Ɗaya bayan ɗaya aka yi shiru.

Lanfen ta tako cikin toka har gaban mijinta.

"An zage ka," ta ce.

Ya gyaɗa kai.

"An doke ka da mafici. An ɗora maka ruɓaɓɓen kifi."

Ya gyaɗa kai. Idanunsa sun cika da ruwa, ko na hayaƙi ko na wani abu.

"Ba ka ce komai ba."

"Tun safe bai ɗaga murya ba," na ce. Ban yi ƙarya ba.

Inna Tang ta dubi shinkafarta, ta dubi mai babur da igiyarsa, ta haɗiye abin da ke bakinta. "Ya... ya canza," ta ce, kamar mai haɗiyar ƙaya. Kawu Lei ya riga ya kashe kalmominsa na ranar, sai ya ɗaga kai sama yana duban gajimare.

Lanfen ta sunkuya ta cire kifin daga kafaɗarsa. Ta dubi leɓɓansa da suka tsage. Ta sa yatsu biyu a aljihun farin wandon ta zaro ɓawon lici, ta juya shi, ta mayar masa. Matar da ta yi shekara talatin da uku tana dafa wa mutum miya ba a yi mata wayo da maƙogwaronsa. Na ce a raina shi ke nan, keke ya sauko.

"Yaya ta fito daga asibiti," ta ce masa. Ta dakata, tana jira. Ba abin da ya katse ta. "Ashe ba zuciya ba ce, tsakuwa ce a matsarmama." Ta sake dakatawa. Bakinsa ya motsa, don na tabbata ya san yadda ya kamata likitoci su yi. Ba abin da ya fito. "An cire. Guda huɗu. Na ji tsoro ƙwarai, Bingquan. Ita kaɗai ta rage mini, kuma ban samu wanda zan gaya wa ba."

Bakinsa ya daina motsi. Ya dube ta kamar yau ya fara jin muryarta, kuma ina ganin haka ne.

Ta juya ta sallami mai babur. Ni kuwa don murna na ruga rumfa na zubo kofi na musamman, mai ganyen da ke sauke kumburin maƙogwaro cikin yini ɗaya.

"Ga shi, Lanfen, ya sha yanzu, gobe muryarsa garau."

Ta dubi kofin. Ta dube ni.

"Ki bar shi tukuna, Gwaggo. Labarin yana da tsawo."

Ta wuce wurin mai 'ya'yan itace. Duk muna ji.

"Licin nan har yaushe zai kai?"

"Sati uku, Inna."

"Bayansa me ke shigowa?"

"Longan, ɗan'uwan lici. Amma shi ma wuta ne fa."

"Ka ajiye mini. Yanzu ba ni kwando ɗaya."

Ta miƙa wa Kuang kwandon. Ya tashi daga taɓo, ya rungume shi da hannu biyu, ya bi ta suka hau bene. Ya san abin da ke cikin kwandon, ya kuma san abin da zai yi masa. Da rana na ji keken ɗinki yana aiki ta rufi, da muryar Lanfen a hankali tana ba da labarin da ta fara tun shekarar da aka yi musu aure. Can sai ɓawon lici ya faɗo ta taga a kan rumfata, sai wani, sai wani.

Na ɗauki tsintsiya na share.